Fasaha Ma Tana Buƙatar Fatauci



Ku ciro takardar naira 20, ku dubi bayanta. Matar da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta koyi sabuwar dabarar gasa yumɓu. A 1958 aka baje tulunanta masu zanen ƙadangare da kifi da kunama a Landan. A 1972 ta zagaya Amurka, Turawa suna kallon yadda take tayar da tulu da hannu zalla. Ta karɓa, ta kuma bayar.

Amfanin baje kolin da ke yawo gari-gari ke nan: masu fasaha su ga aikin juna, ido ya buɗe, kasuwa ta faɗaɗa.

A Gude da Kabo da Gwarzo akwai gwanayen ɗinkin hula da saƙar faifai, ga matasa masu zane. Muna kira ga hukumomin al'adu na Kano su kai aikinsu Gidan Makama, daga nan Yamai da Dakar, su kuma kawo mana na baƙi har ƙauye. Zumunta a ƙafa take.