Kumfar Da Ke Fita A Jikin Itace

Maganar da na zo muku da ita yau a kan wani abu ne da kowa ya taɓa gani, amma ba kowa ya san dalilinsa ba. In an sari itace, ko ƙwaro ya huda shi, ruwa ya kan tsatso daga wurin. Wani lokaci ruwan nan ya kan bushe, shi ke nan. Wani lokaci kuwa sai ka ga ya yi farar kumfa, yana warin tsami, ƙudaje da rina sun yanyame shi. Na ji waɗansu a nan ƙasar Buji suna cewa iskoki ne suka shiga itacen. Ba iskoki ba ne.

Ruwan itace yana da zaƙi, domin shi ne abincin itacen. Akwai kuwa waɗansu ƙwayoyi masu rai, ana ce da su yisti, waɗanda ba su da abincin da ya fi zaƙi. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. In an jera su ɗaya bayan ɗaya, sai wajen 5,000 za su cika inci guda. Ƙura da ƙafafun ƙwari su ke kai su bakin raunin. Da sun sami zaƙi da ɗumi sai kowace ƙwaya ta yi toho, tohon ya ɓalle ya zama wata. In suna ninkuwa kowane awa biyu, ku lissafa da kanku: ƙwaya ɗaya kafin kwana guda ta zama 4,096. Suna cin zaƙin suna fid da abu biyu, iska da barasa. Iskar nan ita ce kumfar da mu ke gani.

Kun san aikinsu tun tuni, ba ku dai san sunansu ba. 'Yan'uwansu ne ke sa ƙullun waina ya kumbura in ya kwana. Wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holanda, Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu a madubi cikin 1680. Daga 1857 kuma wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya shiga nuna wa duniya cewa tsami da tashin kumfa aikin abu mai rai ne.

Wannan shi ne asirin bammi. Ruwan da a ke tara daga giginya ko tukurwa, sa'ad da ya fito zaƙi ne kawai. Kafin rana ta yi tsaka yisti ya juya shi, ya zama abin sa maye, ba tare da kowa ya zuba kome a ciki ba. Hukuncin shansa na bar wa malamai. Abin da ya dame ni shi ne, giginyar da aka fasa wa kai don ruwa galibi mutuwa ta ke yi, an yi hasarar 'ya'ya da muruci na shekaru masu yawa saboda 'yan tuluna.

To, ga inda maganar ta shafi aljihunmu. Ƙasar Dutse ƙasar dabino ce. In mutum ya datse reshen dabino daf da jiki, ko ya ɓamɓare ɗan tsiro da gatari marar kaifi, ruwa zai tsatso, yisti ya kama. Warin nan kuwa kira ne. Akwai wani ƙwaro mai dogon baki da ke bin wannan wari daga nesa, ya yi ƙwai a cikin raunin. Tsutsarsa ta yi ta cin cikin itacen, mai gona bai sani ba, sai ran da kan dabinon ya langaɓe. Saboda haka a yi sara da abu mai kaifi, a bar ɗan guntun reshe, kada a ji wa jikin itacen ciwo a banza. In rauni ya yi kumfa, kada a jira: a sanar da malamin gona, ko a je tashar binciken dabino ta NIFOR da ke Dutse.

Wani zai ce, to, ƙaro fa? Ai shi ma daga raunin itace ya ke fita, don me ba ya kumfa? Tambaya ce mai kyau. Ƙaron dakwara ba irin zaƙin da yisti ke iya ci ba ne, ga shi kuma da kaka a ke tsaga itacen, iskar hunturu ta busad da shi nan da nan. Ba ruwa, ba rayuwar ƙwayoyin nan. Amma in an tsince shi da sauran danshi aka ɗure a buhun leda, sai funfuna ta kama shi, ita ma dangin yisti ce. Ya dunƙule, ya yi duhu, mai awo ya rage masa kuɗi. A shanya shi a inuwa, a kan tabarma mai tsabta, sai ya bushe sarai, sa'an nan a zuba shi a buhun algarara.