Amsar Tambaya Kan Ciwon Ɓarin Kai

Wata mai sauraronmu daga Bici ta rubuto, wai ciwon ɓarin kai ya hana ta kasuwa, Panadol kuma ya daina yi mata aiki.

To malama, yawan shansa ma kan jawo ciwon, in ya kai kwana 15 a wata. A Turai akwai na'urar da ake maƙalawa a goshi, tana nuna wa mutum ɗaurewar naman wurin har ya koyi sassauta shi. Ke ba sai da na'ura ba. Kullum ki samu inuwa, ki ɗaure kafaɗu ki sake su, kina jan numfashi a hankali, minti 15. Sai an yi makonni ake jin sauƙi fa.

Amma in da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, maza asibiti, kada a je sanƙarau ne.