Riƙon hankali a zamanin rashin tabbas

Jawabi gaban ƴan kasuwa da ma'aikata



Batun da aka ɗora mini shi ne fargaba, wato nauyin nan da ke hana mutum barci alhali babu wani ciwo da zai nuna da yatsa. Ɗan kasuwa ya kwanta yana lissafin kayan da ya saro, bai san da wane farashi naira za ta wayi gari ba. Ma'aikaci kuwa tun ashirin ga wata idonsa na kan ƙarshensa, ga kuɗin haya, ga takardar magani, ga baƙi daga ƙauye.

Mu fara da tuna baya. A 1984 Nijeriya ta rufe iyakokinta, fari ya haɗu da rufewar, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsalle. A waɗannan shekaru ma'aikata sun yi watanni suna bin gwamnati bashin albashi. Sojoji sun kifar da mulki a 1996, da 1999, da 2010, da 2023. Nijeriya ta sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 CEDEAO ta aza mana takunkumi, aka yanke wutar da ke zo mana daga Nijeriya, ba a ɗage shi ba sai Fabrairun 2024.

Na jero waɗannan ne domin darasi guda. Duk wanda ya ce ba zai samu kwanciyar hankali ba sai ƙura ta lafa, to, ya shekara arba'in yana jira. Rashin tabbas ya zama maƙwabcinmu na dindindin, tilas mu koyi zama da shi. Malaminmu a nan shi ne manomi. Bai taɓa sanin yadda damina za ta kasance ba, amma bai taɓa fasa shuka ba. Yakan haɗa hatsi da wake a gona ɗaya, ya ɓoye iri, ya cika rumbun tsimi a shekarar albarka. Ruwan sama ya bar wa Ubangiji, hauya kuwa tana hannunsa. Tawakkalin gaskiya ke nan.

Saboda haka abu na farko, mu rarrabe damuwarmu gida biyu. Buɗe iyaka, farashin naira da abin da manya ke shiryawa a Yamai ba sa hannunmu. Yawan bashin da muke ci, da yadda muke kashe abin da ya shigo, suna hannunmu. Ɗauki takarda ka rubuta su. Damuwar da aka rubuta tana da iyaka, wadda aka bari cikin ƙirji kuwa ƙara kumbura take yi da dare.

Na biyu, tsimi. Ɗan kasuwa kada ya zuba jarinsa kaf cikin haja ɗaya, ko kuɗin ƙasa ɗaya, ko hanya ɗaya. Waɗanda suka dogara ga tashar Kotonu kaɗai sun ji jiki a 2023, lokacin da motoci suka yi cirko-cirko a bakin kogi. Ma'aikaci ya sayi hatsinsa da kaka, lokacin da tiya ke da sauƙi, ya shiga adashin da ya san mutanensa, ya guji bashin ruwa da ke cinye albashi tun bai iso ba. Ko jika ɗaya ce a wata, a ajiye. Buhu biyu a ɗaka sun fi dogon wa'azi kwantar da hankalin maigida.

Na uku, jita-jita. A da sai ta bi motar kasuwa kafin ta iso Tawa ko Damagaram. Yau salula ke kawo ta har kan tabarma. Murya guda a WhatsApp, wadda ba a san mai ita ba, ta isa ta sa a yi rububin mai ko shinkafa, kuma sau da yawa mai kaya a sito ne ke cin ribar firgicin. Ku keɓe wa labarai lokaci, safe da maraice. Ku tambayi kanku: wa ya faɗa, me zai samu in na yarda?

Na huɗu, kada mutum ya ɗauki kayan shi kaɗai. Kunya ta sa magidanta da yawa ɓoye wa iyalinsu gaskiyar samunsu, sai buƙata ta ci gaba da zuwa daidai da jiya alhali aljihu na yau ne. Faɗa wa uwargida halin da ake ciki. Nemi amini guda mai riƙe sirri.

Na biyar, mu san lokacin da damuwa ta zama ciwo. In barci ya ƙaurace makonni, zuciya na bugawa ba dalili, abinci ya fita rai, faɗa ya yawaita a gida, a je likita, a auna jini, a faɗi gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba a 2019. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani. Ƙwayar tramol da ake sayarwa kan tebur kuwa rami ce da aka rufe da tabarma.

Kalma ta ƙarshe ga masu riƙe da ragama, kowane ne su. An cika ce wa talaka ya yi haƙuri. Haƙuri kuwa ba ya sauke wa hukuma nauyinta. Albashi kan lokaci, sanar da sabon harajin duwan kafin ranar aiki da shi, da faɗin gaskiya ko mai ɗaci ce, duk magungunan fargaba ne da babu likitan da zai iya rubuta su. Inda hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke hawa kujera.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.