Tiga da Ma'arib: Amanar Ruwa da Haƙƙin Gona

Masu girma hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku. Malamaina, Allah ya gafarta muku. Iyayena manoma da ƙannena ɗalibai da kuka taso daga Kiru da Tudun Wada da Doguwa zuwa nan Bebeji, sannunku da hanya.

An nemi in yi magana kan hukuncin Allah ga masu cin amana, da yadda imanin mutum zai yi 'ya'ya har a gani. Ba sai na tafi nesa ba, daga ruwan da ke ƙasar nan tamu zan fara.

Tsakanin 1971 da 1974, zamanin gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano a Tiga, kogin nan da ke ratsowa ta dajin Falgore. Aka tashi ƙauyuka, mutane suka bar gonakin gado da kushewar iyayensu, domin ruwa ya samu wurin kwanciya. Daga nan aka ja shi ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Kakanninmu da an gama kaka sai cin rani. Yau ga alkama da shinkafa da tumatir a tsakiyar hunturu. Wannan ni'ima ce, kuma wasu ne suka biya ta da gidajensu.

Alƙur'ani ya ba mu labarin wasu mutane masu madatsar ruwa irin tamu. Su ne mutanen Saba'i a ƙasar Yaman, masu dam ɗin Ma'arib, wanda ya shekara ɗaruruwa yana shayar da gonaki dama da hagu. Abin da aka nema a wurinsu kaɗan ne: su ci, su gode. Suka juya baya. Ambaliya ta ɓalle, lambunan nan suka koma itatuwa masu ɗaci da 'yar magarya jefi-jefi, jama'a ta watsu. Ku duba aya ta 15 zuwa ta 19 a Suratu Saba'i. Masana tarihi sun ce a ƙarni na 6 miladiyya dam ɗin ya yi rushewar da ba a sake gyara shi ba, kuma kufansa yana nan har gobe.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Suratul Ƙalam, aya ta 17 zuwa ta 33. Malaman tafsiri sun ce wani dattijo ne mai gona, ranar girbi ba ya hana miskini rabonsa. Da ya rasu, 'ya'yan suka zauna suka yi lissafi, suka ga abin da tsoho ke bayarwa ya yi yawa. Suka ƙulla za su yi sammako su girbe kafin talaka ya farka, ko insha Allah ba su ce ba. Suna barci bala'i ya kewaye gonar. Da suka isa sai suka zaci ɓatan hanya suka yi, don ba su gane gonarsu ba. Ku lura, jama'a, ba a ce sun yi sata ba, ba a ce sun kashe kowa ba. Gonarsu ce, gadonsu ne. Laifin kawai sun yanke shawarar toshe ƙofar da ubansu ya bari a buɗe.

Na tashi na ga kakana yana ƙirga dami a bakin gona. Ɗaya, biyu, har tara, na goma sai ya ɗauke shi da kansa ya jingine a gindin ɗorawa, ya ce wannan ba namu ba ne. Ba ya zaɓen ƙanƙane. In an kwashe, mata da yara su shigo kala, kuma ba wanda ya isa ya kore su. Bai yi zurfi a karatu ba, amma wannan babin ya riƙe shi. Yau fa? Ana casa, ana ɗurawa a buhu, mota na jira a bakin titi, kafin la'asar kaya sun doshi Kwanar Dangora ko Dawanau. Zakka sai an tuna, in an tuna sai a ce bashin taki ya cinye.

Hukuncin a bayyane yake. In hatsi ya kai nisabi, wato sa'i 300, abin da ruwan sama ko ruwan da ke gangarowa da kansa ya shayar, ɗaya bisa goma ne. Wanda ka shayar da wahala, da inji da fetur, ɗaya bisa ashirin. Shari'a ta riga ta duba wahalarka, ta rage maka rabi.

Cin amanar bai tsaya a zakka ba. Akwai na bakin magudana da ke datse ruwa da buhun yashi cikin dare, na ƙarshen layi ya wayi gari shukarsa ta yi yaushi. Akwai mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki, da shanshera da aka yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi, da kwandon tumatir mai kyau a sama ruɓaɓɓe a ƙasa. Sura guda aka saukar da sunan masu tauye mudu. Kuma mu tuna da 'yan uwanmu na Hadeja da Nguru, waɗanda tare ruwan nan ya sauya musu fadamu, kachala ta cinye musu hanyoyin ruwa. Duk ruwan da muka yi wa almubazzaranci a nan, haƙƙin wani ne a can.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba ni da hurumin nuna gonar wani da ta lalace in ce azaba ce. Allah yana jarraba salihai ma, kuma sanin wannan nasa ne shi kaɗai. Kowa ya duba tasa gonar. Su ma masu gonar nan ta Suratul Ƙalam, da suka ga abin da ya faru suka amsa laifinsu, suka roƙi Ubangiji ya musanya musu da mafi alheri. Ƙofar tuba ba ta rufe ba.

A Suratu Ibrahim an kwatanta kalmar imani da bishiya mai kyau, mai saiwa a ƙasa, mai ba da 'ya'ya kowane lokaci. Ku manoma ne, kun fi ni sanin abin da ake yi da mangwaron da ya shekara goma sai ganye. Sallarmu da azuminmu da zuwanmu Makka, in maƙwabci bai ɗanɗani komai daga cikinsu ba, ganye ne kawai.

Don haka ina roƙon limamanmu su karantar da babin zakkar hatsi kafin girbi, ba bayansa ba. Ina roƙon sarakunan kasuwa su bi mudu ɗaya-ɗaya su gwada. Ku kuma iyayena, bana kafin buhu ya hau mota, a auna, a ware na miskini, a fara da marayu da zawarawan unguwarku da kuka san ƙofar gidajensu. Allah ya ba mu damina mai albarka.