Kalmomin Ingilishi Masu Haruffa Iri Ɗaya da Ma'anoninsu a Harshen Tai



Wannan lacca ta shafi wata hanya ta koyon kalmomi da ta zama ruwan dare a duk inda ake koyon Ingilishi a matsayin baƙon harshe, watau a tara kalmomin da suka yi tarayya a wasu haruffa, a jera su, a rubuta ma'anar kowace a gefenta, sa'an nan a ce ɗalibi ya haddace. Zan ɗauki misalaina daga ƙasar Tailan, wadda aka sani da Siyam kafin 1939. Dalili kuwa shi ne, Turawa ba su taɓa mulkin wannan ƙasa ba, saboda haka Ingilishi a can darasi ne na aji, kuma da harshen Tai ake fassara shi. Abin da nake so in nuna shi ne, irin wannan jeri kashi biyu ne: akwai wanda haruffan tarayyar ke ɗauke da ma'ana, akwai kuma wanda kamar ta tsaya a ido kawai. Ma'anar da harshen Tai ya ba kalmomin ita ce za ta zame mana ma'aunin rarrabe su.

Zan rubuta kalmomin Tai da boko. A lura, "th" da "ph" da "kh" a nan t da p da k ne masu fita da 'yar iska.

Jerin da ke yaudarar ido

Bari mu fara da haruffa huɗu da suka yi ƙaurin suna, watau "ough". Ga kalmomi takwas, da ma'anarsu a Tai, da kuma Hausa:

though: mae wa, ko da yake
through: phan, ratsawa
rough: yap, kaushi
enough: pho, isa
cough: ai, tari
bough: king mai, reshen itace
plough: thai, huɗa
thought: khwam khit, tunani

A dubi kalmomin Tai ɗin nan da kyau. Babu wata gaɓa ko wani sauti da ya haɗa su, domin babu ma'anar da ta haɗa tari da reshe, ko kaushi da tunani. Ko a furucin Ingilishi ma ba su haɗu ba. Haruffan nan huɗu suna da furuci shida daban-daban a cikin wannan ɗan jeri: a though ana jin "o", a through "u", a rough da enough "af", a cough "of", a bough da plough "au", a thought kuwa wani dogon wasali ne tsakanin "a" da "o".

To, me ya kawo wannan? Tarihi ne. A Ingilishin da, "gh" sauti ne na gaske da ake furtawa a can cikin baki, kusan irin baƙin nan "kha" na Larabci. A hankali sautin ya ɓace a wasu kalmomi, a wasu kuma ya rikiɗe ya koma "f". Wasulan Ingilishi su ma sun yi gagarumin canji tsakanin wajen 1400 da 1700. Amma William Caxton ya riga ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa a kan takarda alhali furuci bai daina tafiya ba. Daga baya Amurkawa suka sauƙaƙa kaɗan, suna rubuta plow maimakon plough, amma sauran suna nan yadda suke.

Ɗalibin Tai ba baƙo ba ne ga rubutun da ke riƙe da tsohon tarihi. Rubutunsa, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Sarki Ramkhamhaeng a 1283, yana da baƙaƙe 44, amma sauti 21 kaɗai suke bayarwa a farkon gaɓa. Sautin "s" shi kaɗai yana da haruffa huɗu, domin a nuna asalin kalmomin da aka aro daga Sanskirit da Pali, tsofaffin harsunan Indiya. Bugu da ƙari, Tai harshe ne mai karin sauti har iri biyar. Kalmar "thai" mai nufin huɗa, da murya mai hawa ake faɗinta, ita kuwa "Thai" sunan al'ummar, da matsakaiciyar murya. Boko ya haɗa su, kunne ya raba su, kamar dai yadda Bahaushe ke raba kuka ta miya da kuka na hawaye.

Jerin da ke ɗauke da ma'ana

Yanzu mu juya ga kashi na biyu. Ga kalmomi masu farawa da "tele":

telephone: thorasap
television: thorathat
telegram: thoralek
telecommunication: thorakhamanakhom

A nan ko wanda bai taɓa jin harshen Tai ba zai ga "thora" tana maimaituwa. Ɗafa-goshin "tele" daga Girkanci yake, ma'anarsa nesa. Masanan Tai sai suka koma ga Sanskirit, suka ɗauko "dura", ita ma nesa take nufi, ta zama "thora" a bakinsu. Suka haɗa ta da "sap" sauti, da "that" gani, da "lek" rubutu. Ke nan sauti daga nesa, gani daga nesa, rubutu daga nesa. Yaron da ya gane wannan ya sami mabuɗi guda mai buɗe ƙofofi da yawa a harsuna biyu.

Haka abin yake ga ɗafa-ƙeyar "logy". Biology ita ce chiwawitthaya, psychology chittawitthaya, sociology sangkhomwitthaya, geology kuma thoraniwitthaya. Kalmar "witthaya" ilmi take nufi, kuma ita ce a tsakiyar mahawitthayalai, sunan jami'a a harshensu.

Ba duka ne aro daga Sanskirit ake ƙirƙira sabo ba, harshen yana da nasa kayan aiki na yau da kullum. Inda Ingilishi ke liƙa "ness" a bayan kalma, Tai yakan sa "khwam" a gabanta: goodness khwam di, darkness khwam muet, happiness khwam suk. Inda Ingilishi ke sa "tion" domin sunan aiki, Tai yakan sa "kan": education kan sueksa, election kan lueak tang, production kan phalit.

Kalmomin fannoni irin su thorathat ba su faɗo daga sama ba. Ƙasar tana da hukumar masana ta masarauta tun cikin shekarun 1930, wadda ke daidaita sababbin kalmomi, kuma ta fitar da ƙamusunta na farko a 1950. Yarima Wan Waithayakon, wanda ya yi karatu a Ingila, ya kuma shugabanci Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a 1956, ya shahara wajen ƙirƙirar kalmomin Tai a madadin na Turai.

Inda tarko yake

Sai dai fa hatsarin ya fi yawa a tsakiyar jerin da ake ganin lafiyayye ne. A cikin jerin "ness" za a tarar da business da witness. A Tai, ta farko thurakit ce, ta biyu phayan, babu "khwam" a ko ɗaya. Asalinsu da ɗafa-ƙeyar suke, amma ma'anarsu ta yi nisa da tushenta, ɗaya ta koma kasuwanci, ɗaya mai shaida. A jerin "tion" akwai nation da station, waɗanda Tai ke kira chat da sathani, babu "kan". A jerin "logy" akwai apology, wadda ba wani fannin ilmi ba ne, neman gafara ne. A jerin "er" kuma, writer nak khian ne, singer nak rong, inda "nak" ke nuna mai sana'ar, amma river mae nam ce, finger kuwa nio, ba su da "nak" domin ba mutane ba ne masu aiki. Kama da wane dai ba ta wane.

Mai jin Hausa ya san wannan daga harshensa. Ɗafa-goshin "ma" shi ne a manomi da maɗinki da marubuci, amma baƙon da ya ɗauka shi ne a madara ko mage, ya shiga neman aikatau ɗin da suka fito daga ciki, zai sha wahalar banza.

Kammalawa

Daga wannan bayani, abubuwa uku nake so a riƙe. Na farko ya shafi malamai. Kafin a ba ɗalibi jerin kalmomi masu haruffa iri ɗaya, a fassara su zuwa harshensa a duba. In wani abu ya maimaitu a fassarar, kamar "thora" ko "khwam", to a koyar da shi a matsayin ƙa'ida, tare da kalmomin da suka kauce mata. In kuwa babu, kamar a jerin "ough", to a gaya wa ɗalibi gaskiya cewa kowace kalma zaman kanta take yi, a koya masa ita da kunne, a cikin jumla.

Na biyu ya shafi ma'aikata masu fassara takardun hukuma. Siffar kalma ba ta isa hujja ba, a nemi ma'anarta a inda ta zo. Wanda ya dogara da haruffa kawai yana iya mai da neman gafara fannin ilmi.

Na uku ya shafi masu ƙirƙirar kalmomin fannoni a Hausa. Mun ari tarho da talabijin da talgiram, sun kuma zauna daram a bakin jama'a, babu mai neman korarsu. Amma a cikinsu Bahaushe ba ya jin ma'anar nesa, alhali ɗan Tai yana jin ta a nasa. Su ma ba ko da yaushe suke ƙirƙira ba, technology ai theknoloyi suke ce mata. Darasin shi ne, idan kalmomin baƙon harshe suka zo a matsayin dangi, to a dube su a matsayin dangi kafin a yanke shawara, kamar yadda kalmar "ilmi" ke iya riƙe mana dukan zuriyar "logy". Yin haka zai rage wa 'ya'yanmu hadda, ya ƙara musu fahimta.