Alƙaluman Makaranta da Shawarar Jama'a a Fadamar Kogin Haɗejiya



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda alƙaluman da ake tarawa a makarantu za su zama abin da malami da iyaye da masu unguwanni za su zauna su yi shawara a kai, maimakon su zama takardun da ake cikawa a aika hedkwata a manta da su. An ɗauki ƙasar Haɗejiya misali domin a nan ne ruwa yake da iko a kan karatun yara fiye da yawancin wurare.

Da farko ya kamata a tuna abin da rashin ƙididdiga ta gaskiya ya taɓa jawowa. A watan Satumba na 1976, lokacin da aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, masu tsara shirin sun yi tsammanin yara wajen miliyan 2 da dubu 300 ne za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun zo. Azuzuwa suka kasa, malamai suka kasa, aka zaunar da yara a gindin itatuwa. Saboda irin wannan darasi, bayan an ƙaddamar da shirin ilmi na bai ɗaya a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, sai aka ƙarfafa ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991, tana cikin jihohi 6 da shirin ESSPIN na taimakon Gwamnatin Ingila ya yi aiki a cikinsu daga 2008, inda ya taimaka wajen wannan ƙidaya da kuma kafa kwamitocin kula da makarantu. A cikin kwamitin akan sa hedimasta da wakilin masu sarauta da malamin addini da mata da 'yan makaranta.

Ƙidayar shekara tana da amfani ƙwarai, domin da ita ake sanin yawan yara da malamai da azuzuwa da kujeru. Amma sau ɗaya ake yin ta, alhali rayuwar mutanen fadama tana juyawa ne da lokaci. A ƙasashen Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri, kogi yakan cika a Agusta da Satumba, watau daidai lokacin da ake buɗe sabuwar shekarar karatu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canja, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyinsa da dama, har ya zama yana kwanciya a gonaki da garuruwan da a da ba ya kai musu. An yi ambaliya mai tsanani a jihar a 2010 da 2020 da 2022, kuma a irin waɗannan shekaru makarantar da ruwa bai ci ba takan koma masaukin waɗanda suka rasa gidajensu. Bugu da ƙari, kachalar nan ita ce mafakar tsuntsayen jan baki, saboda haka idan shinkafa ta fara nuna, yara su ne masu kora a gona. Akwai kuma 'ya'yan masunta da na Fulani makiyaya masu shigowa fadama da rani, waɗanda domin irinsu aka kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989. Yaron da sunansa ke cikin ƙidaya yana iya yin wata biyu bai taka aji ba, takardar kuwa ba za ta nuna ba.

Abin da zai nuna shi ne rajistar kiran suna ta kullum, wadda take hannun kowane malamin aji. Idan aka tara ta wata-wata, aka raba maza da mata, aka kuma raba yaran bisa unguwanni da ƙauyukan da suke fitowa, za a ga watan da aji yake raguwa da waɗanda suke ɓacewa. Sai dai rajista ba ta faɗin dalili. A ce ta nuna yaran wani ƙauye ba sa zuwa daga Satumba zuwa Oktoba. Jami'in ilmi da ke Dutse yana iya ɗauka iyaye ne ba sa son boko, alhali mai unguwa ya san mashigin da ke tsakaninsu da makaranta ne ya cika, uwa kuma ta san ba za ta sa 'yarta a kwalekwalen da ya yi lodi fiye da kima ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan shi ne dalilin da ya sa dole a karanta alƙaluma a gaban jama'a, cikin Hausa, a kafa su a allo inda kowa zai gani.

Daga irin wannan zama ne shawara mai amfani take fitowa. Kwamiti yana iya neman a sauya lokacin shiga aji a makonnin korar tsuntsu, ko a shirya darussan cike giɓi bayan ruwa ya janye. Yana iya ajiye tarihin shekarun da ruwa ya shiga makaranta da tsayin da ya kai a bango, domin idan hukumar ilmin bai ɗaya ta jiha ta zo gina sabon aji a nuna mata tudu. Yana iya haɗa wannan tarihi da hasashen ambaliya da hukumomin tarayya suke fitarwa kafin damina, a kwashe littattafai da rajistoci tun da wuri, a kuma tsai da inda yara za su zauna idan aka sauke mutane a azuzuwansu.

Akwai sharaɗi biyu. Na farko gaskiya: idan hedimasta ya ƙara yawan yara domin a ƙaro masa kaya, ya tauye wata makaranta, ya kuma ɓoye yaran da ya kamata a nema. Na biyu ya rataya ne a wuyan ma'aikata: duk alƙaluman da aka karɓa daga makaranta, a mayar mata da sakamakonsu a takarda guda, tare da na maƙwabtanta, domin wanda bai taɓa ganin amfanin abin da ya cika ba, ba zai kula da cika shi daidai ba.

Ɗaliban da ke wannan zaure su ne malamai da jami'an gobe. Wanda aka tura Haɗejiya ko Guri, ya fara da buɗe rajistar bara, ya kira kwamiti, ya tambayi ina yaran suka tafi a watan Satumba.