Daren Fitilun Yara a Jamus

A ƙarshen kaka, lokacin da ganye ke zuba kuma rana ke faɗuwa da wuri a Turai, yaran Jamus kan yi bikin Waliyyi Martin ranar 11 ga Nuwamba. Da magariba sukan fito tare da iyayensu, riƙe da fitilun takarda da suka haɗa a makaranta, suna waƙa a bayan mahayin doki mai jar alkyabba, wanda ke kwaikwayon Martin ɗin, sojan Rum da aka ce ya raba mayafinsa biyu ya ba mabaraci rabi a garin Amiens. Armashin bikin arharsa ce, domin takarda da sanda da kyandir sun wadatar, ko da yake ƙwan fitila mai batir yana korar kyandir saboda tsoron gobara.